Ranar da Na Jira Ruwan Sama a Cikin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ta ƙarshen bazara ba, ranar da na zauna gaban iyaye da ɗalibai a makarantarmu ta Dogon Dutsi, na ƙura wa sama ido ina jiran hadari. Saman kuwa na cikin kwamfuta ne.

Bari in faro muku daga tushe. Ni malamin lissafi ne a wata kolej, yara suna ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci, kamar kowane malami a nan. Amma tun kafin in zama Mushe ina riƙe da wata sarauta da ba wanda ya naɗa mini ita sai ni kaina, wato sarkin wasan kwamfuta. A Kiéché na tashi, a hannun Kawu, yayan mahaifiyata, manomin gero ne da ba ya wasa da gona. Ina ɗan yaro wani ɗan ci-rani ya dawo ƙauyenmu da wata 'yar na'ura mai girman sabulu, bulo na faɗowa daga sama kana jera su. Daga ranar Kawu ya yi asarar ma'aikaci guda. Bayanta sai macijin nan na cikin waya mai tocila, wanda yake ci yana tsawo har ya ciji kansa. Da na shigo Dogon Dutsi karatu kuma, sai na gano wani shago a bayan tasha mai talabijin biyu da benci ɗaya. A nan na ga ɗan mutum mai gudu da tsalle, na ga tseren mota, na ga ƙwallo, sannan na haɗu da abin da ya tafi da hankalina gaba ɗaya, wasan faɗa. A wasan faɗa ba a taɓa tayar da ni daga bencin nan ba (to, an tayar da ni sau biyu, amma maneti, wato abin riƙewar, shi ne ya lalace).

Duk hutun damina idan na koma gida, maganar Kawu ɗaya ce: "Kai dai yaron ga, ban taɓa ganin ka ɗaga kai ka dubi gabas ba. Kullum kanka shina duƙe."

Shekaru suka wuce. Aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci shida, aka kulle su a wani ɗaki, gizo-gizo ya yi gida a kansu. Ni kuma na ƙwallafa rai sai an buɗe ɗakin nan ran Laraba da yamma, yara su riƙa koyon kwamfuta ta hanyar wasa, daga baya ma su koyi ƙirƙiro nasu. Darakta ya ce shi ba shi da matsala, amma sai kwamitin iyaye ya yarda. Shugaban kwamitin iyaye kuwa ba kowa ba ne illa Kawu, wanda yanzu ya dawo gari yana sayar da hatsi, 'ya'yansa biyu suna ajinmu. Aka ba ni rabin awa a makon al'adu na makaranta in shawo kansu. In sun ce a'a, ɗakin ya koma hannun gizo-gizo.

Na yi shiri kamar mai zuwa neman aure. Na ari majigi, muka rataya farin zane a bangon babban aji, na sa rigata mai guga har tana iya yanka hannu. Wata ɗaliba ta ajin ƙarshe mai suna Rakiya, wadda ta fi kowa sanin kwamfuta a makarantar, ita ta zuba mini wasannin da zan nuna. Ta tambaye ni ko zan gwada su kafin ranar. Na yi mata murmushin manya na ce, "Rakiya, tun ba a haife ki ba nake wannan harka."

Gaskiya jawabin ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Na bayyana musu cewa wasannin nan iri-iri ne, kuma kowane iri yana fitowa ne idan na'ura ta ƙara ƙarfi, ko mutane sun gaji da na baya. Lokacin da na'ura ba ta iya zana komai sai ɗigo da layi, jera abu ake yi da kauce wa bango. Da ta iya zana mutum, sai aka sa shi gudu da tsalle. Da aka samu abin riƙewa biyu, sai ka zauna da abokinka ku yi faɗa ko ƙwallo. Da intanet ya shigo waya, sai a zuba mutane da yawa a tsibiri guda, wanda ya rage shi ne gwani. Ina faɗa Rakiya tana nunawa a bango, yara suna shewa, iyaye suna gyaɗa kai. Sai na zo kan na ƙarshe. Na ce akwai waɗanda suka gaji da harbi da duka, suka ƙirƙiro wasan da babu abokin gaba a cikinsa, gina gari ake yi, ko kiwo, ko noma. Wannan na sa shi ne kawai don in sanyaya ran Kawu. A zuciyata wasan da ba a dukan kowa ba wasa ba ne, kuma ban taɓa buɗe shi ba ko sau ɗaya.

Kawu da yake zaune a gaba yana gyangyaɗi ya buɗe ido.

"Mi kac ce? Noma? To wanga nika son gani. Ka yi muna shi mu gani, tunda kai ne gwani."

Darakta, Allah ya saka masa, ya ƙara gishiri. Ya ce ai sai a yi gasa tsakanin Mushe da Rakiya, minti goma, wanda ya fi cika rumbu shi ya ci. Na amsa da fara'a. Har tausayin yarinyar na ji.

Hoton bango ya rabu biyu, gonata a dama, tata a hagu. Aka ba kowannenmu ɗan manomi mai malafa, da fartanya, da jakar irin hatsi, da wata butar ban-ruwa irin ta masu lambu. Na dubi butar na yi tsaki a raina. Ai wannan ta tumatir da salak ce, wa ya taɓa ba hatsi ruwa da buta? Na ajiye ta gefe, na shiga share gona. Na tumɓuke ciyawa, na kwashe duwatsu, na gyara fili tsaf. Sannan na ɗaga kan ɗan manomina sama. Rana ce ƙwal, ko ɗigon hadari babu. Sai na tsaya.

Ku fahimce ni. A ƙasarmu ta Arewa ba a shuka sai ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa har ka tura hannu ka ji sanyi. Wannan ko jariri ya sani. Kuma a lokacin nan kowa a cikin ajin idonsa na gabas, don zafi ya kai inda ya kai, ana ta jiran ruwan farko. Abin da Kawu ya yi shekaru yana cusa mini ina tunanin bai shiga ba, ashe yana nan kwance, yana jiran ranar da zai tozarta ni.

Can na waiga hagu na ga Rakiya tana ta zuba iri a busasshiyar ƙasa. Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Na ɗauki makirufo na ce, "Jama'a, ku duba kuskuren yaran zamani. Ta zuba iri ba ruwa. Wannan asarar iri ce, tsuntsaye da kiyashi za ta ciyar."

Dattawan da ke layin gaba suka ce, "Ƙwarai kuwa!" Wani tsoho ya ce, "Ko binne ɗiyar ga taka yi?" Wani ya amsa masa cewa ko binnen ne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a jira ruwa, ai sai an ga alama. Na ji kaina ya ƙara girma. A karo na farko a rayuwata na ga Kawu yana kallona yana gyaɗa kai.

Sai ga wani ɗan farin gajimare ya ɓullo daga gefen hoton. Na ce, "Alhamdu lillahi, ga shi nan ya taso." Wallahi dattawan nan har gyara zama suka yi. Gajimaren ya ratsa ta kan gonata a hankali ya fita ta ɗaya gefen. Bayan ɗan lokaci ya sake dawowa, shi ɗin dai, da ɗan ƙusumbinsa. Ya sake wucewa. (Daga baya Rakiya ta gaya mini ado ne kawai, haka yake zagayawa tun ranar da aka ƙera wasan, bai taɓa zubar da ko ɗigo ba.)

A zuwansa na uku ne na ji dariya ta fara tashi daga bayan aji. Na dubi hagu. Rakiya ta bi shukarta da butar nan da na raina, hatsi ya tsiro, ya yi kai, ya nuna, duk cikin minti uku. Ta girbe, ta kai rumbu, ta sake shuka. Ni kuwa ɗan manomina yana tsaye a tsakiyar fili fetal, ya ɗaga kai sama, malafa a keya.

Tsohon nan na ɗazu ya ce, "A'a! Ɗiyar ga har ta yi girbi, Mushe ko shina jiran damana!"

Ajin ya kece. Zufa ta karyo mini, gugar rigar nan ta bi ruwa. Na roƙi Allah a zuciyata ya sa a ɗauke kuran, wato lantarki. Wutar da kullum sai ta yanke mana ana tsakiyar darasi, ranar nan ta tsaya daram kamar an biya ta.

Darakta ya ce saura minti biyu. A nan ne hankalina ya gudu, yatsuna suka koma shagon bayan tasha. Na shiga danna komai da komai da sauri, irin dannar da nake kayar da 'yan dambe da ita. Ɗan manomina ya zabura ya kai wa shingen gona sara, ya farfasa shi. Ya juya ya maka wa wata kaza fartanya, kazar ta yi tsalle tana kuka. Ya kwasa da gudu ya watsa jakar irin gaba ɗaya a cikin tafki, sannan ya bi ta ya faɗa. Lokaci ya cika yana tsamo-tsamo cikin ruwa har wuya. Ruwan da na yi minti takwas ina jira, ga shi na samu.

Rumbun Rakiya ya cika har ya yi toro. A nawa an rubuta sifiri, babba, a bango, gaban ɗaliban da nake ba sifiri a lissafi.

Dariyar da aka yi ba ta faɗuwa. Darakta ya cire tabarau yana share hawaye. Na zauna na sunkuyar da kai, kunya ta rufe ni, kuma abin da ya fi cin raina shi ne ɗakin kwamfuta. Na riga na ga an mayar masa da kwaɗo, kuma ni na jawo.

Kawu ya miƙe, ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Shekara ashirin ina hwama da yaron ga ya dubi gabas," in ji shi. "Bai taɓa ba. Yau da yat tashi dubawa, cikin talabijin yad duba."

Aka sake fashewa. Ya bari suka gama, sannan ya juya wajen Rakiya ya tambaye ta yadda aka yi ta san hatsin can buta yake so. Ta ce ai da aka buɗe wasan an rubuta bayani a ƙasa, ita ta karanta, Mushe kuwa ya danna ya wuce. Kawu ya juyo wajen jama'a. Ya ce shi dai bai ga noma a nan ba, don hatsin da ke nuna cikin minti uku ba da shi za a ciyar da gida ba. Amma ya ga abu guda: yarinya ta karanta kafin ta taɓa, babba bai karanta ba ya faɗa tafki. In abin da ɗakin zai koya wa yara ke nan, a buɗe shi.

"Amma da sharaɗi biyu," ya ce. "Makulli wurin ɗiyar ga za shi zama. Kai ko, Mushe, tunda ashe ka iya jiran ruwa, ranar da yas sauka ina son ganinka Kiéché da sungumi."

Haka kuwa aka yi. Bayan kwana goma sha wani abu ruwan farko ya sauka, na hau kabu-kabu da sassafe na tafi. Na yini ina sara rami Kawu yana bina yana jefa iri yana rufewa da ƙafa, da rana ta yi tsaka sai ya miƙo mini fura ya ce, "Wanga ba a danna mashi komi." Bayana ya yi mako guda yana ciwo, amma na daɗe ban ji daɗin yini irin na ranar ba.

Ɗakin kwamfuta yana nan a buɗe duk Laraba. Rakiya ta gama ta wuce lise, wato babbar sakandare, ta bar makullin a hannun wata ƙanwar ajinta (har yau ba a yarda a ba ni ba). Yaran sun fara haɗa wani ɗan wasa nasu na noman gero, kuma sun sa masa doka cewa ba a shuka sai ruwa ya sauka. Sun ce don ni suka yi, ko zan samu in ci sau ɗaya. Sunan da suka laƙaba mini kuwa ya bi ni har kasuwa, ko goro na tsaya saye sai in ji an ce, "Mushe Jiran Ruwa, yaya gabas?"

Ni dai abin da na koya shi ne, duk wasan da aka miƙo mini yanzu sai na karanta 'yan rubutun nan na ƙasa tukuna. In kuma ban gane ba, ina ajiye makirufo in tambayi yarinyar da ke hagu.