Ɗigo Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da makon da ciwon ido na apolo ya shigo makarantarmu da ke Unguwar Rimi ba. Ni ne malamin ladabtarwa, kuma ina son komai ya bi tsari. Don haka na kafa doka: kowace safiya yara su yi layi a bakin ƙofa, gajeru gaba, dogaye baya, in sa babban yatsa in buɗe idon kowa. Wanda na ga ja a idonsa, sai gida. (Har yaba wa kaina nake yi a zuci.)

Ciwo kuwa sai ƙaruwa yake. Na yi nazari, na yanke hukunci cewa Iya Talatu ce, dattijuwar da ke sayar da awara a ƙofar makaranta. Na rubuta wa shugaban makaranta takarda a sallame ta ranar Juma'a. Da ta ji, ta tare ni. "Haba Malam, da wannan kaskon nake ci da jikokina. Dubi idona, fari tas." Na ce doka doka ce.

Ranar Alhamis a taron malamai, Malama Rukayya mai koyar da ilimin halittu ta nemi a ba ta allo. Ashe kwana uku ta yi tana tambayar yara wa ya taɓa wa. Ta yi wa kowane mutum ɗigo da lamba, ta ja layi tsakanin duk biyun da suka taɓa juna, masu ciwon kuma ta shafa musu jan alli. Ta ce haka masana ke bin sawun cuta, su duba ɗigon da layuka suka fi taruwa a kansa. Ta nuna na Iya can gefe, layinsa bai fi biyu ba, domin da tsinke take miƙa awararta. A tsakiya kuwa ga wani ɗigo, layuka sun yi masa caa kamar gidan gizo-gizo.

Na miƙe. "Malama, ba sai an tsawaita ba. Na farko, lamba goma sha bakwai ce tushen cutar. Na biyu, ta bar makarantar nan yau. Na uku, a faɗi sunan mai ita."

"Malam, da ka bari mun keɓe."

"A nan za a faɗa!"

Ta miƙo min takardar sunaye. Na bi da yatsa (yatsan nan dai) har goma sha bakwai. Sunana ne, har da na mahaifina.

Sai Malam Sani mai lissafi ya nuna allo ya ce, "Waɗancan fararen ɗigon na masu lafiya fa, su wa ke nan?"

Malama ta ce, "'Yan makara ne, masu haurowa ta katanga don gudun layin Malam."

Dariya ta ɓarke. Shugaba ya share hawaye ya ce, "To Malam, batunka na biyu fa? Yanzu za ka tafi ko sai an tashi?"

A gabansu na karɓo takardar korar Iya na yaga, na soke layin safe, aka ajiye sabulu da buta a kowane aji. Kafin mako ya zagayo ciwon ya lafa, Iya na nan da kaskonta. Alhamdulillahi da Alhamis ta riga Juma'a. Da na je ba ta haƙuri, cikin baƙin tabarau (ni ma ya kama ni), ta miƙo min awara ta ce, "Ba komai, ɗana. Amma riƙe ta tsinken."

Yanzu duk wanda zan zarga, sai na zana ɗigo da layi tukuna, kuma ɗigona nake fara sawa.