Wace Ce Saratu?

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da liyafar auren abokina Kabiru a Malali ba. Shi ya roƙe ni in rubuta wa amaryarsa waƙa, wai tunda Hausa na karanta a jami'a. Na gaya masa nazarin waƙa daban, rubuta ta daban, amma bai saurare ni ba.

Sunan amaryar Rabi'atu, don haka na yanke shawarar kowane baiti ya ƙare da "tu", yadda aka koya mana a darasin amsa-amo. Da farko abin ya zo da sauƙi: karatu, rubutu, hutu, ingantu, wadatu. Daga nan rijiya ta ƙafe. Abin da ya rage mini sai "mutu", wadda ba a kai ta gidan biki, da wata kalmar da ba ta faɗuwa a gaban surukai (mai karatu ya gane). Ban kuma nemi shawarar kowa ba, don ina zargin wani cikin abokan ango zai kwashe baitocin ya tura wa budurwarsa. Mai hankali da ya karya amsa-amon ya huta. Ni kuwa na tuna malaminmu da jan bironsa, sai na laluɓo sunan mace na toshe gurbin.

Ranar liyafa aka miƙa mini makirfo, na fara rerawa. Abin mamaki, mata har da guɗa. Sai na iso baitin:

Kaf Kaduna bai ga kamarki ba,
Don ke ya haƙura da Saratu.

Guɗa ta ɗauke. Amarya ta ɗan ɗaga mayafi ta dubi ango, ango ya dube ni, ni kuma na dubi takarda kamar wani ne ya rubuta.

Ina sauka aka ce gwaggon amarya na kira. Hajiya ce mai farin gilashi, wadda aka ce a kotu ta yi aiki har ta yi ritaya (da ganin yadda ta zaunar da ni na yarda). Ta tambaye ni 'yar wace unguwa ce Saratun. Na yi mata bayanin amsa-amo dalla-dalla, har da misalai. Ta bari na gama, sannan ta ce ga Hafsatu, ga Salamatu, ga Sa'adatu, duk da "tu" suka ƙare, me ya sa hannuna ya faɗa kan Saratu?

Na sunkuyar da kai.

"Ɗan nan, dube ni. Akwai ta ko babu?"

Kalma ɗaya ake nema a wurina. Amma ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba.

"To, Gwaggo, a iya sanina dai babu. Sai dai ba kullum muke tare da shi ba."

Ta ce madalla, ta gode, ta miƙe.

Kafin a raba abinci labari ya zaga teburan mata. Amarya ta ce ba za ta shiga mota ba sai an fito mata da Saratu, ƙawayenta kuma suka karɓe wayar ango suna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sai da wan mahaifin Kabiru ya sa baki, ni kuma na rantse a gaban dattawa, wannan karon ba tare da "sai dai" ba, sannan ta haƙura.

Ana haka Kabiru ya ja ni bayan janareta. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu, ya waiga hagu da dama.

"Bar wannan, mutumina. Tsakaninka da Allah, wa ya ba ka labari?"

Auren yana nan lafiya, ban kuma sake tayar masa da maganar ba. Sai dai yanzu duk wanda ya ce in yi wa amaryarsa waƙa, kafin in nemi amsa-amo sai na zaunar da shi ya faɗa mini sunayen da ba a taɓawa.