Tarwaɗa a Aljihun Babbar Riga

Ko da zan manta komai a duniyar nan, ban da ranar da na je gaishe da mahaifin Rukayya a Kurfi. Rukayya ita ce yarinyar da nake nema a lokacin, mahaifinta kuwa, Alhaji Sada, kowa ya san ba ya ba da ɗiya da wasa. Kafin ni ya sallami wani saurayi don kawai ya amsa waya a gabansa. To ka ga ni da zan je, aurena gaba ɗaya yana hannunsa.

Ga kuma batun sana'ata. Ni mai bincike ne a kan lafiyar kifi, a wani ɗakin gwaje-gwaje a Dutsin-Ma. In an faɗe shi haka akwai daɗin ji. Amma gaskiyar aikin ita ce in tafi dam ɗin Zobe da safe, in karɓi tarwaɗa mai rai wurin masunta, in ɗan ɗebi yauƙin jikinta a kwalba, in mayar da ita ruwa. Yauƙin nan da mata ke wankewa da toka da lemun tsami kafin su ɗora tukunya, shi nake nazari, kuma wallahi ina alfahari da shi. (Innata in aka tambaye ta aikina sai ta ce "yana can wajen ruwa," ta sako wata hira.)

Kawu Isiya, ƙanen mahaifiyata, shi ya raka ni. Tun a mota ya fara yi mini huɗuba.

"Ka zauna ƙasa, ka sunkuyar da kai. In an tambaye ka, ka ce 'haka ne, Baba.' In ba a tambaye ka ba, ka kama bakinka. Kuma don girman Allah kar in ji ka ambaci kifi."

Na ce to. Ina cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, an yi mata guga har tana ƙara in na motsa.

Muka tarar da Alhaji a zaure tare da wasu dattawa abokansa. Na durƙusa na gaishe su, na samu gefen tabarma na lafe. Komai yana tafiya daidai, Kawu har ya fara murmushi. Sai Alhaji ya dube ni.

"An ce mani kai likitan kifi ne?"

"Haka ne, Baba," na ce, Kawu kuma ya zungure ni da gwiwa.

Ashe tun da Alhaji ya bar aikin gwamnati ya gina tankin siminti a bayan gida yana kiwon tarwaɗa. Ya ce 'yan kwanakin nan kifin sai mutuwa yake, jan gyambo na fitowa a jikinsu, ya zuba kafso a ruwan har ya gaji. Ya ce shi bai san mi ya yi masu ba, don tsafta dai ba a fi shi ba. Duk lokacin da zai ware manya da ƙanana, sai ya sa busasshen buhu ya goge ƙazantar jikinsu tas kafin ya mayar.

Jama'a, ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Amma na danne, na ce, "Haka ne, Baba." (Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.)

Ya ce mu taso in gani da idona. Muka zaga baya, har da dattawan. Alhaji ya sa komar kamun kifi ya kamo wata ƙatuwa, ya jawo buhunsa, ya ɗaga zai fara gogewa.

"Kai! Kar ka goge!"

Ni ne na faɗi haka. Ni, ga Alhaji Sada, a cikin gidansa, a gaban abokansa. Ba a nan na tsaya ba, sai da na fizge buhun daga hannunsa na jefar. Na hango Kawu ya dafa bango.

Mai hankali a nan zai durƙusa ya ba da haƙuri. Ni kuwa bakina ya riga ya ɓalle. Na jiƙa hannuwana a ruwan, na ɗauko kifin, na shiga bayani. Na ce Baba, wannan yauƙin ba ƙazanta ba ne, shi ne garkuwar jikin kifi ta farko. Ruwan da yake ciki cike yake da ƙwayoyin cuta na bakteriya, dare da rana suna neman hanyar shiga jikinsa. A cikin yauƙin akwai sinadaran furotin iri-iri da jikin kifin ke yi da kansa. Wani yana narkar da bangon ƙwayar cutar ta fashe. Wani yana huda ta. Wani yana manne mata, ya tara su wuri ɗaya yadda ƙwayoyin jinin kifin za su gane su su cinye. Akwai ma wanda aikinsa kawai ya ɓoye sinadarin ƙarfe, don cutar ta rasa abin da za ta hayayyafa da shi. In aka goge yauƙin da buhu, an kwashe duk wannan, kuma buhun ya kurje fatar. Ta wurin kurjin cutar ke shiga, shi ne gyambon da ake gani.

Gaskiya bayanin ya yi kyau. Har yau ina ganin ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Wani dattijo ma ya fara gyaɗa kai. Sai daɗi ya ɗebe ni, na ɗaga kifin sama kusa da ƙirjina don kowa ya ga yadda yake sheƙi.

Tarwaɗar ta yi wani juyi, ta suɓuce, ta faɗa cikin aljihun gaba na babbar rigata.

Wanda ya san babbar riga ya san wannan aljihun, faɗinsa kamar jaka. Kifi ya shige da kai, wutsiya a waje, yana ta dukan ƙirjina fal-fal-fal. Na kama wutsiyar na ja, ashe ƙayar gefen kansa ta maƙale a ɗinkin aljihun. In na ja da ƙarfi zan yi masa rauni, ga shadda busasshiya tana goge masa yauƙin da na gama yi wa wa'azi a kai. Sai dabara ta zo mini: in sunkuya in tsoma aljihun a ruwa, ya saki jiki ya fita da kansa. Na haye bakin tankin, na duƙa, na ƙara duƙawa. Bakin siminti kuwa duk gansakuka ne.

Da ka na shiga.

Ruwan bai kai ƙirji ba, amma kore ne shar, kuma wanda ya taɓa shaƙar ruwan kiwon tarwaɗa ya san abin da nake nufi. Na miƙe ina tari, hulata tana yawo can gefe, kifaye suna ta gogar ƙafafuna. Daga bayan katanga sai na ji mata sun fashe da dariya, kuma a cikinsu na gane muryar Rukayya sarai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Da akwai rami a ƙasan tankin nan da na bi ta ciki. Kifin dai ya fita lafiya, ya bar ni da yagaggen aljihu.

Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sa aka kawo mini jallabiyarsa, wadda ta tsaya mini a ƙwauri. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Sai na ga ai aure ya riga ya tafi, bari ko kifin ya tsira. Kai a ƙasa na ce, "Baba, a daina sa buhu. A jiƙa hannu kafin a taɓa su, a riƙa ware su a cikin robar ruwa. A rage yawansu, a riƙa canja ruwan, masu gyambo a keɓe su a ɗan sa masu gishiri. Kafson nan kuma a dakata da shi." Ya ce, "Mun ji. A sauka lafiya."

Ni da Kawu Isiya muka kamo hanya daga Kurfi har Dutsin-Ma. Sai da zan sauka ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya."

Makonni suka wuce shiru. In na kira Rukayya sai ta ce Baba bai ce komai ba, daga nan dariya ta ƙwace mata ta kashe wayar. Ni kuwa abinci ma ba ya shiga. Na fara tunanin yadda zan gaya wa Inna cewa kifi ya raba ni da mata.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga Kawu a ƙofar ɗakina yana washe baki. Ya ce Alhaji ya kira shi. Kifin ya daina mutuwa, gyambon ya bushe, har ɗaya daga cikin dattawan nan ya je ya jefar da nasa buhun. Na ce to batun Rukayya fa? Kawu ya gyara tsayuwa ya maimaita mini maganar Alhaji yadda ya faɗe ta:

"Yaron nan ba shi da ta ido, wanga gaskiya ne. Amma wanda ya shiga ruwa da shadda don kar kifin da ba nashi ba ya ji ciwo, ba zai bar ɗiyata ta wulaƙanta ba. Ku turo."

Yanzu 'ya'yanmu suna zuwa Kurfi hutu, kuma kakansu da kansa yake tsare su sai sun jiƙa hannu kafin su taɓa masa kifi. Ni dai abin da na koya bai da yawa. In ka san gaskiya ka faɗe ta, ko a gaban suruki ne. Amma ka yi bayanin da baki, ka bar mai gida ya riƙe kifinsa.