Gwanar Indie ta Cheetham Hill

Ko da zan manta komai na zamana a Ingila, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Disamba ba, ranar da na zauna gaban makirfo ina koya wa mutanen Manchester abin da ni kaina ban sani ba.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, ina zaune a wani ɗan flat a Cheetham Hill. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau a rufe laburare, gobe a rufe cibiyar matasa. A unguwarmu akwai wani ƙaramin gidan rediyo na al'umma a saman siton wasu 'yan sari. Shi ma hukumar gari ta rage masa tallafi, har ta kai ba a kunna hitar ɗumama ɗaki sai in baƙo zai zo. Na fara aikin sa kai a can da buri guda, a ba ni rabin awa a mako in yi shiri da Hausa. Shugaban wurin, wani Bature mai suna Dave, kullum amsarsa ɗaya: "Bari mu fara jin muryarki a wani shirin tukuna." Aikina kuwa bai wuce haɗa shayi da ɗaga waya ba.

Duk ƙarshen shekara suna da babban shiri na zaɓen faya-fayan waƙa da suka fi fice a shekarar, kashi huɗu: folk, rock, rap da indie. A taron shirye-shirye Dave ya ce mai kula da indie ya rasa aikinsa ya koma garinsu, ko akwai wanda ya san fannin?

Bai rufe baki ba na ɗaga hannu.

(Bari in ɗan kare kaina. Turawan Ingila ba sa barin kalma da tsawonta. Jami'a sun mayar da ita uni, talabijin sun mayar da ita telly. To idan Bature ya ce indie, me Bakanuwa za ta ɗauka in ba Indiya ba?)

"Kin san indie?" in ji Dave, yana kallona ta saman tabarau.

"Da shi aka raine ni."

"A Najeriya?"

"A Kano babu gidan da ba a jin sa. Kakata ma ta haddace da yawa."

Ya daɗe yana jinjina kai. "Kakarki," ya ce. "Lallai duniya ta zama ɗaya." Sannan ya kafa sharaɗi cewa kada kowa ya leƙa jarida ko intanet ya kwafo zaɓin wasu, kowa ya zo da abin da kunnensa ya ji. Na riƙe sharaɗin nan kamar wasiyya. Da na saɓa shi ko sau ɗaya, da na tsira.

Ƙarshen makon na hau mota sai Birmingham, gidan Anti Binta, ƙanwar mahaifiyata, wadda mijinta likita ne suke zaune a Sparkhill. Ina gaya mata ta ajiye ludayi.

"Ashe Turawa sun fara hankali," ta ce. "'Yata, ɗauko mayafinki, yau sai mun ƙure Stratford Road."

Haka muka bi shagunan Indiyawa ɗaya bayan ɗaya cikin yayyafi. Duk inda muka shiga sai in ce a fito min da duk abin da ya fito a bana. Na koma Manchester da jaka shaƙe da faifai. Makonni na yi ina sauraro, a jirgin ƙasan cikin gari, a ɗakin gwaji, har a layin ganin likita. Wata abokiyar karatuna 'yar Indiya ta gaji da ni saboda tambayar yadda ake furta sunaye. Ban taɓa yi wa jarrabawa shiri irin wannan ba. Ita kuwa Anti ta baza labari daga Sparkhill har Lozells, ta tara matan Hausawa a falonta ranar shirin, ta kuma sa ƙanena a Kano ya kamo wa Mama tashar a waya.

Ranar Asabar da rana muka zauna kewaye da teburi, kowa da jaket saboda sanyi. Wani dattijo mai farin gemu ya fara da folk, ya saka waƙar wani mutum da jita yana kukan masana'antar garinsu da aka rufe. Mai rock ya yi nasa, kunnena ya sha wuya. Mai rap, wata budurwa 'yar asalin Jamaika, ta zaɓi faifan wani matashi da ya yi waƙa kan rashin aiki a unguwarsu, ta yi bayani mai ratsa jiki. Sai Dave ya juyo gare ni.

"Yanzu sai indie, kuma bana mun yi sa'a, muna da gwana tun daga Kano."

Na gyara zama, na yi bismillah a zuci. Na ce bana shekara ce mai albarka ga indie. Na ce an koma amfani da sarewa da ƙananan ganguna kamar da, na yaba muryoyin mata, na soki yadda ake cika rawa a cikin ruwan sama ba tare da dalili ba. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya zuba min ido. (Wallahi a raina cewa na yi ilimi ne ya kashe musu jiki.) Na sanar da faifan da ya zo na ɗaya, na furta sunansa tiryan-tiryan, na danna maɓalli.

Ganga ta tashi, sarewa ta bi, wata siririyar murya ta cika ɗakin.

Mai rap ta cusa fuska cikin gyalenta, kafaɗunta na rawa. Dattijon folk ya ƙura wa silin ido kamar mai lissafin zunubansa. Dave ya kashe makirfo, ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali kamar mai kai saƙon rasuwa.

"Indie na nufin masu zaman kansu. Ƙananan mawaƙa da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni. Yawanci samari ne da jita."

"Ba Indiya ba?"

"Ba Indiya ba."

Duk wanda ya san waƙar Indiya ya san ba ta da gaggawa. Haka na zauna tana ta tafiya, baiti bayan baiti, gumi na karyo min a ɗakin da ko hita ba a kunna ba. Ƙofa na bayana, kuma na auna ta da ido. Amma na tuna Mama na riƙe da waya a Kano, na tuna rabin awar da nake nema. Na ce a raina in na gudu yau, shayi zan ci gaba da haɗawa har in gama karatu.

Da waƙar ta ƙare na yi wa Dave alama ya kunna min.

"Masu sauraro," na ce, "yanzu aka sanar da ni cewa indie ba Indiya ba ce. Ina ba ku haƙuri. Amma na yi makonni ina wannan aiki, kuma saura faifai biyu. Za ku ji su."

Dave ya kifa kai a teburi yana dariya, ya ɗaga min babban yatsa. Na saka su kuwa, da cikakken bayani. Waya ta yi ta ƙara. Wani mutum ya kira a fusace yana tambayar ko wasa ake da hankalinsa. Wata tsohuwa kuma ta kira ta ce na yi kuskure babba, wanda na ba na biyu shi ya cancanci na ɗaya.

Ina fitowa Anti ta kira. Ashe surutun mata ya hana su jin ban-haƙurin.

"Kin fitar da mu kunya, 'yata. Me Turawan suke ta yi wa dariya?"

"Daɗi suka ji, Anti."

Ban samu shirin Hausa a lokacin ba. Dave ya ce tunda na karɓi indie a gaban jama'a, nawa ne har baɗi. Shekara guda na yi ina bin ƙananan ɗakunan wasa da hijabina da kwalbar lemo, ina sauraron samari masu jita suna kukan budurwa ta tafi, haya ta tashi, rana ta ƙi fitowa. Wasu har na so su. Disambar da ta biyo na yi zaɓina daidai, babu wanda ya yi dariya, kuma bayan sabuwar shekara aka ba ni rabin awata.

Darasin da na ɗauka ba shi da tsawo. Yanzu idan ina magana a taro na ga kowa ya yi shiru ya zuba min ido, na daina ɗauka burge su na yi. Tsayawa nake in tambayi na kusa da ni me na ce.