Tattakin da Likita Ta Sa Ni

Tun da na ajiye aikin koyarwa, babu abin da ke motsi a jikina sai muƙamuƙi. Da na je asibiti, Dakta Rumasa'u, yarinyar da ba ta wuce sa'ar autata ba, ta duba sakamakon jinina ta girgiza kai. Ta ce ƙwayoyin halittar jiki in ba a motsa su, tsufa suke yi da wuri, kuma nawa sun girme ni nesa ba kusa ba. Ko dai in riƙa tattaki kullum da safe, ko ta ɗora ni a kan allurar suga ta kowace rana. Ni kuwa Allah ya sani, gara a nuna mini maciji da a nuna mini allura.

Washegari na zura takalmin ƙwallon ɗana, na fita da ƙarfina. Abin da likita ba ta sani ba, a unguwarmu dattijo ba ya wuce mutane haka kawai. Ban kai bakin layi ba Ɗahiru mai shayi ya tare ni da gaisuwa, tun daga iyali har awakin gida, ya kuma turo mini benci. Gaba kaɗan ana zaman makoki, dole in zauna a yi addu'a. Ina tashi sai ga majalisar 'yan fansho ana gardamar siyasa, ni kuma ba a gardama a gabana in yi shiru. Da rana ta take, wani tsohon ɗalibina ya tsaya da babur, ya rantse malaminsa ba zai taka ƙasa yana gani ba. Yaya zan kunyata yaro? Na hau. Kusan haka aka yi ta yi kullum, ina dawowa gida a gajiye tiɓis, har ina yi wa matata Hajiya fankama.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, na shiga ina taƙama. Dakta ta ɗora ni a sikeli, ta duba jini, ta dube ni.

"Baba, kana fita tattakin kuwa?"

"Haba 'yata! Tun hantsi bai yi ba nake fita, sai kusan azahar nake shiga gida. Ki tambayi unguwa kaf, babu wanda bai gan ni ba."

"To ina da ina kake zuwa?"

Na gyara zama na kwashe labari na ba ta, tun daga shayin Ɗahiru har yadda na ƙure 'yan majalisa a gardama. Ban tsaya haɗiyar yawu ba. Ta saurara har na kai aya, sannan ta jawo akwatin allura gabanta.

"Na yarda da kai, Baba. Harshenka kam ya koma ɗan shekara ashirin. Gobe in za ka fita, don Allah ka tafi da ƙafafun."