Hular Mai Mota Lamba Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na cire wa babban jami'in kwana-kwana hula a tsakiyar unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa, ba, a gaban maigidana da fatake 'yan Kano.

A 2018 ne. Ni ke kula da harkar kariya daga gobara a sitonmu na kago, inda fatake ke tara kayan da za a aika musu gida, kuma aikin na iya shi, ba yabon kai ba. Abin da ya ƙara min girman kai shi ne Usman, direban motar kashe gobara mai lamba bakwai. Bafulatanin Sudan ne, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Ni kuwa Babarbare ne, don haka tun haɗuwarmu ta farko wasa ya ƙullu. Duk wanda ya shammaci wani ya fizge masa hula, sai an fanshe ta da shayin karak.

Ranar 'yan kwana-kwana za su zo atisaye, su kuma duba siton. Idan ba su gamsu ba babu sabunta izini, in ba izini babu sito, bizata kuma a wuyan siton take rataye. Alhaji, maigidana, sai safa da marwa yake yi.

"Alhaji, kwantar da hankalinka," na ce. "Lamba bakwai ai mutanena ne. Khalas, an gama."

Abin da ban sani ba shi ne a satin nan an sake wa motocin lamba, an kuma rarraba ma'aikatan zuwa tashoshi daban-daban. (Usman ya kira ni a waya, ban ɗauka ba, wai ina jan aji.)

Jar mota ta tsaya, ga bakwai ɓaro-ɓaro a jikinta. Wani ya sauko ya ba mu baya yana duba tiyo. Tsayin na Usman ne, kafaɗun ma nasa. Na ƙyafta wa fataken ido, na lallaɓa a kan yatsun ƙafa, na fizge hular na kifa a kaina.

"Yau sai ka fansa, ɗan daji!"

Sai ga furfura. Usman ba shi da ko ɗaya.

Mutumin ya juyo a hankali. Dattijon Balarabe ne, kafaɗarsa cike da taurari. Wallahi nan take na fara hango kaina a filin jirgi da 'yar jakata. Alhaji ya yi salati da ƙarfi. Fataken da ke dariya ɗazu duk suka koma karanta rubutun jikin kwalaye.

Na miƙa hular da hannu biyu, ya ƙi karɓa.

"A'a, habibi, mayar da ita kanka," ya ce. "Mai wannan hular shi ke amsa tambaya. Yalla, mu je ka nuna min ƙofofin fita."

Haka na zagaya da shi siton nan kaf, hular ta yi min yawa tana rufe min ido, gumi na bin bayana. Ya tambayi tukwanen kashe wuta, na nuna. Ya ce in harba ɗaya, na harba. Bakina bai yi gargada ba ko sau ɗaya. Da muka gama ya sa hannu, ya zare hularsa daga kaina da yatsa biyu, ya goge cikinta da hankici, ya hau mota.

Da yamma sai ga Usman, yana dariya har yana dafa bango. Ashe motarsa ta koma lamba goma sha biyu, shi kuma an mayar da shi wata tasha.

"Babarbare, sabon shugaban duk tashoshinmu ka tuɓe wa hula! Da ya ji kai abokina ne, ya tambaye ni ko lafiyarka ƙalau, na ce duk danginku haka kuke."

Kafin in buɗe baki ya fizge tawa. Ranar duk 'yan motarsa sai da na saya musu karak.

Tun daga nan na daina gaisawa da lamba, sai na zagayo na ga fuska tukuna. Izini ya fito, aikina yana nan. Amma har yau in na gifta ta bayan Alhaji, sai ya dafe hularsa.