Ruwan Maganin da Na Gano a Dutse

Nasara bai daɗe da shigowa ƙasarmu ba, muka taso a ƙafa daga Miga ni da wana, Yaya Sule, za mu Dutse gaida surukina. Kafin mu iso, ƙafafuna sun kumbura.

A bayan gari na hangi wani kwarmi a jikin dutse cike da ruwa. Na tsoma yatsan ƙafa na ji ɗumi. Da ma na taɓa jin fatake na labarin ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa a ƙasar Bauchi, wai yana maganin ciwo, don haka na yi gyaran murya na sanar da Yaya cewa irinsa ne.

Ya ce, "Ƙanena, ruwan nan fa baƙi ne, kuma yana wari."

Na ce, "Yaya, ai ƙarfin maganin ke nan. Wanda bai yi yawo ba ba zai gane ba."

Na tuɓe na shige har wuya, ina lumshe ido. Gemuna ma sai da na jiƙa shi.

Can sai ga wani dattijo da sanda, hannuwansa shuɗi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, nan muke zubar da ruwan marina. Rana ce ta ɗumama shi."

Haka na durƙusa gaban surukina, shuɗi har kunne. Ya amsa gaisuwa a natse, ya tambayi Yaya ko a nan aka rina ni ko a Kano.

Shunin ya bar jikina cikin mako biyu. Sunan kuwa, har jikokina Malam Shuni suke ce mini.